Geron da nake zubawa a rufin bene

Assalamu alaikum Anti, da ku masu karanta wannan shafi. Don Allah a sakaya sunana. Kafin ku zage ni ku daure ku kai ƙarshe, don zagin da nake yi wa kaina ya fi naku.

Ni 'yar wani ƙauye ce a yankin Maraɗi, shekarata shida a Alƙahira. A unguwar Darrasa muke zaune da mijina, yana digiri na uku, a fannin aƙida kuma, ku ji fa. A gidanmu mun gaji kan gida, wato iskar da ke tsaron zuri'a, muna ce mata Inna. Duk shekara ba mai taɓa sabon gero sai an dama an zuba mata nata a ƙasa. Da na yi aure na watsar, wai ni na waye. Sai na yi ɓari biyu a jere. Ina da ciki na uku kakata ta kira ni ta ce, "'Yar nan, kin ƙoshi kin bar Inna da yunwa. Ki ba ta, ko ta ci gaba da ɗauka da kanta." Na yi kuka, na yi istigfari, amma da ta aiko da ƙullin sabon gero ta hannun wani ɗan kasuwa, damawa na yi, na hau rufin bene inda maƙwabciyarmu Bamisiriya, Ummu Sayyid, ke kiwon kaji, na zuba a kusurwa. Na haifi 'yata lafiya. To wace uwa ce za ta daina? Shekara huɗu ke nan ina yi, da yarinyar a gefena. Ummu Sayyid ta taɓa kama ni, ta ce "Ma'alish, ya binti," wato ba komai 'yata, ba ta faɗa wa kowa ba.

Makon jiya muna karin kumallo yarinyar ta tsiyaya madararta a ƙasa ta ce, "Wannan na Inna ne." Babanta ya ce, "Wace Inna?" Ta ce, "Ta sama, wajen kaji." Ya juyo gare ni. "Kin san da wannan?" Na ce, "Wallahi Malam ban sani ba." Da sunan Allah fa na rantse, bakina ko rawa bai yi ba. Sai ya ɗauka tsohuwar nan Ummu Sayyid ce ke koya wa 'yarsa borin Misirawa. Ya je ya buga mata ƙofa ina biye da shi, ya kira ta mushirika a gaban mutanen bene. Matar da ta riƙe hannuna ranar naƙuda! Ni ta kalla, ba shi ba, sannan ta rufe ƙofarta a hankali. Da muka dawo ɗaki ya ce, "Alhamdu lillahi da ba ke ba ce. Da ke ce, khalas, aure ya ƙare, kuma 'yata ba za ta sake kwana a hannunki ba."

Ya hana mu hawa sama. Geron bana ya iso shekaranjiya, na cusa shi a buhun shinkafa, jiya kuma zazzaɓi ya rufe yarinyar. Likita ya ce mura ce, na kuma san Allah ne mai rayawa, amma zuciyata ta ƙi yarda. In na zuba, na sake saɓa wa Ubangijina. In na faɗi gaskiya, a raba ni da ita. In na ƙi zubawa fa?

Tana kwance a cinyata yanzu, jikinta rau da zafi. Me zan yi?