Kitson da Ba Ki Ƙarasa Ba

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, ko da yake na san ba mai kai miki wannan takarda. Na saba in abu ya cushe mini in rubuta, ke kuma kin saba yi mini dariya, wai ga marubuciyar littattafai amma ba ta iya zaunar da yaro da labari.

Kebbe lafiya lau. Gero ya yi kyau bana. Hanyar Tambuwal kuwa tana nan yadda kika bar ta, ɗan kabu-kabu sai ya kakkarya wa mutum ƙugu kafin ya sauke shi. Kujerarki ta kitso tana gindin darbejiya. Hassi ƙanwata ta gaji tsinkenki da kwalbar mai, hannunta ba laifi, amma yara kuka suke yi mata. Ba ta ba su labari.

Sai da kika rasu na gane yadda kike yi. Ba kya fara labari sai kin tsaga kai. Inda gashi ke da zafi, wajen ƙeya da gefen kunne, nan kike ajiye abin tsoro, yarinya ta manta ana ja mata gashi.

A zaman makokinki mata suka tuno labarin nan naki na mai tallar nono da ta haye gulbi zuwa kasuwa, ruwa ya cika a bayanta. Nan gardama ta kaure. Gwaggo Asabe ta rantse matar ta jira ruwa ya janye ta koma ɗakinta. Wata 'yar Sanyinna ta ce sam, can ƙetare ta zauna har ta yi arziki. Saura ƙiris su yi faɗa a gidan rasuwa, Inna! Da na bi diddigi sai na ga kowacce abin da ya dace da ita kika ba ta. Gwaggo a lokacin yaji ta yi kan abin da bai kai ya kawo ba, waccan kuwa mijinta dukanta yake yi. Kina duban kan da ke bisa cinyarki ki san abin da ke cikinsa. Shi ya sa shekara da shekaru ba wadda ta manta. Ni littattafaina, wa ya taɓa ɗaga murya a kansu?

Akwai abin da ban faɗa miki ba. Zuwana na ƙarshe daga Tambuwal na ce miki kewa ce ta kawo ni. Zamana da baban Ummi ne ya yi tsami, mu kwana mu tashi ba mai ce wa wani uffan. Na yi shiru saboda kina fama da jiki. Amma kika sa na tsefe kai, kika ɗauko wannan labarin. Kin gane ke nan, ko? Kin kai rabin kai, ruwa ya cika, matar tana tsaye bakin gulbi da ƙwaryarta, sai hannunki ya hau rawa. Kika ce mu bari sai gobe. Da gari ya waye asibiti muka nufa.

Hassi ce ta ƙarasa mini kitson.

Yanzu ina rubuta labarin, ina so ya fito da sunanki a shafin farko. Na kai bakin gulbin na tsaya cak. Takarda ƙarshe ɗaya take ɗauka, kuma ban san wadda za ta karanta ba, balle in dubi halin da take ciki.

Jiya baban Ummi ya aiko yayansa biko, na roƙa a ba ni zuwa Juma'a. Kowa a gidan nan yana da shawarar da zai ba ni, ni kuwa taki nake so. Ina kewarki, Inna, har abinci ba ya yi mini daɗi. Da hannunki bai gaza ba, wane ƙarshe za ki ba ni? Ta koma ne, ko ta zauna?

Sai wata rana. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sa kin huta.

'Yarki Balkisu,
daga ɗakinki a Kebbe.