Na Rantse Kan Suga, Ban Rantse Kan Zuma Ba

Kankara,
14 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Hajiya, Uwar Najiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin isa Damari lafiya. Yaya Najiba da jego, yaya kuma ɗan baƙon namu? Ki gaishe mani da surukai. Ni lafiyata lau, sai kewa. Tunda aka ɗauke netwok wayata ta koma tocila, shi ya sa na ɗauko biro, zan ba Uwais direba takardar ya kawo maki.

Ina sane da rantsuwar da kika sa na yi a bakin mota, cewa suga ba zai shiga bakina ba har ki gama kwana arba'in ɗin nan. Yau kwana shida ban taɓa ba. Amma Hajiya, koko babu suga horo ne. Ranar farko da na kurɓa sai da na leƙa kofin in ga ko ruwan wankin tukunya aka zubo mani.

Sai na zauna na yi nazari irin na tsohon hedimasta. Abin da likita ya hana, abin da kuma na rantse a kai, shi ne suga, wannan farin na kwali. Na kai maganar wajen Salihu mai shayi, ya ce ai ban ma san komai ba. Zuma magani ce, ko yaro ya sani. Dabino kuwa da shi ake buɗe baki. Ita kuma mazarƙwaila, in ji shi, ruwan rake ne kawai aka daskarar, hannun bature bai taɓa ta ba.

Na sayo duka ukun, na ja layi a littafi, ina gwada su ina ba su maki kamar 'yan aji shida. Zuma ta ci tara cikin goma a shayi, amma a koko tana ɓacewa, sai an yi cokali huɗu. Dabino ya fi dacewa da fura, in an jiƙa an dama. Mazarƙwaila ba ta da ladabi, tana mayar da koko kalar ruwan gulbi, amma ita ce ta zo ta ɗaya. Saboda kada in zalunci kowa, kullum ina maimaita jarabawar.

Kin ga ke nan alkawari yana nan daram. Ki kwantar da hankalinki.

Naki,
Harisu.


Kankara,
29 ga Satumba, 2021.

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, ke da mai jego da jariri. Na samu amsarki. Layi ɗaya ne, amma na karanta shi ya fi sau goma, kuma kalmar nan da kika kira ni da ita ban yi musu ba.

Gara ki ji daga bakina kafin Uwais ya ƙara gishiri. Bayan waccan takardar ƙishirwa ta kama ni, ina shan ruwa kamar raƙumi, alwala kuma ba ta kai ni daga Azahar zuwa La'asar. Akwai abin da ban faɗa maki ba: na ajiye ƙwayoyin asibiti, don na ga ba a haɗa magani biyu, ga zuma ina sha. Ranar Juma'a ana cikin huɗuba na ga liman ya zama biyu. Da aka tashi salla na miƙe, ƙasa ta juya, sai farkawa na yi a asibiti babu hula.

Kin san wadda na tarar a kaina? Amatullah ɗiyar Malam Nasir, wadda na koyar a aji huɗu, mai surutun nan da ta sha bulalata. Yanzu ita ce nas. Ta dube ni ta ce, "Malam, miƙo hannu." Wallahi da irin muryar da nake faɗa mata. Ta soke ni a yatsa, na'urar auna suga ta nuna ashirin da ɗaya. Na tambaya ko cikin ɗari ne. Ta ce mai lafiya biyar ko shida yake yi kafin karin kumallo.

Na nuna mata littafina don in kare kaina. Ta karanta, ta yi dariya har ta dafa gado, sannan ta karɓi jan biro ta soke shafin daga sama har ƙasa. Ta ce jini bai san sunan kasuwa ba; zuma, dabino, mazarƙwaila, duk da sun shiga ciki suga suke komawa. Wai mazarƙwaila ma ai suga ce da ba ta yi wanka ba.

Daga nan ta daina dariya. Ta sa na cire takalmi, ta duba tsakanin yatsuna ɗaya bayan ɗaya. Hajiya, a lokacin Yaya Jabiru ya faɗo mani a rai, yadda ɗan ƙurji a ɗan yatsa ya kai ga yanke masa ƙafa, da yadda bai shekara ba bayan nan. Na ji tsoro irin wanda ban ji ba tun ina yaro. Alhamdu lillahi ba ta ga komai ba.

Ta ba ni wani koren gari a leda, sunansa sitibiya, ganye ne aka shanya aka daka. Ta ce yana da zaƙi amma ba ya tayar da suga, a ɗiba kaɗan. Ni kuma kaɗan ɗina kin san shi. Na zuba cokali uku a shayi. Zaƙi ya fara zuwa kamar an buɗe famfo, ɗaci ya biyo bayansa ya zauna a maƙogwarona har Magariba. Washegari na ɗiba da bakin tsinken ashana, sai ga shayi ya zama shayi. Bai kai zuma ba, akwai ɗan bauri a ƙarshe, amma ba ya sa liman ya zama biyu.

Labari ya kai Faskari. An ce Yaya Lauratu tana tafe. Ki sa ni a addu'a.

Naki mai neman afuwa,
Harisu.


Kankara,
12 ga Oktoba, 2021.

Zuwa ga Hajiya,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Na ji an ce yaron ya fara murmushi, Allah ya raya mana shi.

Yaya Lauratu ta iso da buhu guda na ganye. Shekarata sittin da uku, amma tana shigowa ta kama kunnena a gaban Salihu, wanda ya zo dubiya, ta ce, "Kai da ka koyar da ɗiyan mutane, wanga shirme a wace makaranta ka koyo shi?" Shi kuma Salihu ta bi shi da muciya har bakin titi.

Yanzu ga yadda nake rayuwa. Da safe ruwan garafuni. Da hantsi shuwaka, ba a wanke ɗacin ba. Da rana kwaɗon zogale babu ko ƙuli mai yawa. Da yamma hulba, wadda ta sa zufata take wari kamar shagon mai kayan ƙamshi, sai tafarnuwa ƙwaya uku a haɗiye. A masallaci yanzu sahu yana buɗe mani da kansa, dama da hagu.

Yaya ta so ta zubar da ƙwayoyin asibiti, sai na kai ƙara wajen Amatullah. Ta zo har gida ta durƙusa ta gaishe da Yaya, ta ce zogale da hulba abinci ne, a ci gaba, amma ƙwaya ba a ajiye ta, garafunin ma a rage don kada sugan ya faɗi ƙasa da yawa. Yaya ta ce yarinyar tana da kunya, saboda haka ta yarda. Ni da na faɗi wannan maganar kwana uku a jere ba a ji ba.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne sitibiyata. Yaya ta ce sai ta ɗanɗana ta tabbatar ba guba ba ce. Tun ranar take tabbatarwa, safe da yamma, a kunu da fura. Leda ta kusa ƙarewa.

Amma gaskiya ɗaya ce, jiya na'ura ta nuna takwas. Kullum bayan Asuba ina takawa har gonar dawa in dawo, idona ya washe, alwalar Azahar tana kai ni Isha'i. Amatullah ta rubuta mani "Da kyau, a ƙara ƙoƙari" a bayan katin asibiti.

Saura kwana shida ki cika arba'in. Don Allah kada ki ƙara ko wuni ɗaya, domin Yaya ta ce sai ta damƙa ni a hannunki za ta tafi, kuma ta aika Faskari a ƙaro garafuni.

Sai magana ta ƙarshe. Na san surukai za su haɗo ki da alkaki da nakiya na sallama. Ki rabar da su tun a tasha, kada ko ɗaya ya shigo gidan nan. In dai ba guda ɗaya ƙarami ba, wanda zan sansana kawai in mayar maki.

A'a. Na san kaina. Ki rabar duka.

Naki har kullum,
Harisu.