Allon Malam a Bayan Kwalabe

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga yayana Sani, a tsibirin da ya tafi aiki. Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da girmamawar da ke tsakanin ƙanwa da wanta, ina gajiya, ina aiki, ya baƙunta, ya kewar gida in akwai ta? Inna tana nan da sauƙi, ƙafar ce dai har yanzu. Matarka Saratu da yara duk lafiya lau. An fara yankan shinkafa a Bakolori.

Na san ba ka son a yi maganar gida a bainar jama'a. Ni ma ba na so. Amma ka daina ɗaga wayata, saƙona kuma ina gani ka buɗe ka yi shiru. Shafin nan na intanet kuwa na san kana leƙowa, tunda nan kake zuba hotunanka. To ga ni na biyo ka.

Ka tuna muna Maradun, a zauren mahaifinmu Malam? Kowa na kan karatu, kai kana bayan allo kana zane. Ranar da ya kama ka mun ɗauka za ka sha bulala. Sai ya juya allon ya daɗe yana kallo, ya ce, "Wanga yaro, hannu nai ya fi baki nai karatu. Ku ƙyale shi." Ya shiga ɗaki ya ɗauko allon saukarsa, wanda malaminsa ya yi masa zayyana tun yana saurayi, ya ce ka koya daga nan.

Kafin ka yi gemu an san ka. Duk wanda ɗansa ya sauke Alƙur'ani, daga Jangebe har Bakura, wurinka yake kawo allo ka ƙawata masa. Ni nake dama maka tawada da ƙaro. Ban taɓa ganin ka ɗauki alƙalami ba alwala ba.

Bayan rasuwar Malam muka dawo Mafara, aikin ya ja baya, ka koma fentin shaguna. Daga nan wani ɗan kwangila ya ja ka Abuja, daga Abuja wani kamfani ya ɗauke ka zuwa otal ɗin nan na tsakiyar teku. Ranar tafiya ka durƙusa gaban Inna ka roƙi allon Malam. Ka ce don albarka. Ta naɗe shi a sabon zane ta ba ka da hannu biyu.

Da farko dariya muke yi wa bidiyon da kake turowa. Ɗakunan jinka a kan ruwa, irin jinkar da muke kunyar baƙo ya gani a gidanmu. An raba kwale-kwale biyu an mai da shi kujera. An kife turmi an ɗora masa fitila. Ƙwarya an huhhuda ta an rataye da ƙwan lantarki a ciki. Faifan rufe fura an jera shi a bango, akushi kuma yana banɗaki an sa masa sabulu. Ka ce matar da ta tsara wurin sai da ta yi karatu mai zurfi kafin ta iya wannan. Inna ta yi dariya har da hawaye, ta ce, "Ashe talauci ma ado ne in anka sa mai wuta. Ku tambaye shi ko suna son tsohon murhuna."

Ka nuna mana yadda kuke dukan sabuwar ƙofa da sarƙa, ku goga mata toka, don ta yi kama da ta gado. Ka ce masuntan da suke zaune a wurin tun kaka da kakanni an matsar da su bayan tsibirin, an saye tarunsu an rataye a rufin ɗakin cin abinci, da yamma kuma a kira su su yi wa baƙi rawa. Kana faɗa kana dariya. Tun daga nan dariyata ta fara ragewa. Mutum ya kori masunci daga bakin ruwa, ya rataye tarunsa a saman teburinsa, sannan ya ce yana girmama al'adar mutanen wurin. Manyan mutane su tsallaka duniya don su taka yashi ba takalmi, su kwana a bukkar da ba ta yoyo, su koma gida suna cewa sun ga rayuwar asali. Wace asali? Wadda aka yi mata fenti jiya?

Duk wannan da na bar shi a matsayin wautar masu hali, ba ruwana. Sai ranar wata Talata na zo kasuwar Mafara na biya gida. Da hantsi ne, muna tsintar shinkafa ni da Inna, Saratu ta shigo da wayarta tana murna, wai ga tallan otal ɗin da kake aiki. Muka haɗa kai muna kallo. Aka nuna teku, aka nuna gadaje, aka shiga mashaya. Kwalabe jere a kan kanta, mata kusan tsirara, wani ƙato da gajeren wando yana ɗaga kofi. A bangon da ke bayan kwalaben kuwa alluna ne masu zayyana, an haske su da fitila. Hannunka ne, ko a mafarki zan gane shi.

Na tsakiya ba aikinka ba ne, allon Malam ne. Jar fatar da Inna ta naɗe wuyansa da ita tana nan, ƙunar da wutar karatu ta yi masa a gefe tana nan. Fatiha da farkon Baƙara, a saman giya.

Inna ta ce a tsayar mata da bidiyon. Ta karɓi wayar ta kai ta dab da idonta, ta daɗe. Ta miƙa wa Saratu, ta dafa bango ta tashi, ta ɗauki buta. Tun ranar ba ta sake tambayar ko ka turo hoto ba.

Na kira ka a take, kuma ita ce maganarmu ta ƙarshe. Ka ce aro ne. Manaja ya gan shi a ɗakinka ya ce ya fi sababbin rai, za a dawo maka da shi in baƙi sun ragu. Ka ce sauran kuma kada in damu, babu aya ko ɗaya a cikinsu, lanƙwashe-lanƙwashe ne kawai masu kama da Larabci, tunda baƙin ba karantawa suke yi ba. Ka faɗa mini haka ne don hankalina ya kwanta.

Yaya, ɗan Malam ne ya zauna ya fiƙe alƙalami, ya rubuta abin da ba ya cewa komai, don ya burge wanda bai san kan allo da gindinsa ba? Su ban ga laifinsu sosai ba. Wanda ya ajiye sabulu a akushi ba za a yi mamaki ba in ya ajiye allo a mashaya. A wurinsu allo da turmi da tarun masunci duk abu ɗaya ne, abin cike bango. In sun gaji da shi baɗi su sauke su rataye ƙahon bijimi. Kai ne ka sani. Kai ka hau tsani ka buga ƙusar.

Ban manta kai ka yi wa Inna rufin kwano ba, kuma ban ce aikin otal haramun ne ba. Ka yi musu fure, ka yi musu dagi, ka zana musu kifi a kowane bango. Ba wanda zai ce maka don me.

Bari in ba ka labarin da ba ka tambaya ba. 'Yarka Balkisu ta sauke. Tun tana izu goma take gaya wa ƙawayenta babanta ne zai yi mata zayyana, irin wadda ba a taɓa yi wa kowa ba. Saratu ta so a ɗaga walimar sai ka zo. Inna ta ce a'a. Ta sa aka sayo allo a kasuwa, aka kai wa wani dattijo a Damri wanda hannunsa ke rawa. Layukan sun karkace, kore ya shiga cikin ja. Amma ayoyin daidai suke, ba wasali ɗaya da ya kauce. Balkisu ta riƙe shi a gaban malamai ta karanta, muryarta ba ta yi rawa ba. Da aka watse ta ja ni gefe ta ce, "Gwaggo, kar a tura wa Baba hoton. Zai ji haushi an ba wani aikinsa." Yarinyar nan kai take tausayi.

Jiya na gaya wa Inna zan rubuto maka, na tambaye ta ko tana da saƙo. Ga shi yadda ta faɗa, ban ƙara ban rage ba: "A ce mai ya amso allon. In sun hana, ya yi alwala ya wanke ayoyin da hannu nai. Itacen mun bar musu. Shi kau ya taho gida, ban yi hushin da za ya hana in gane shi ba."

Ni ma ban yi ba, Yaya. Lokacin da za a kai ni Bakura, kai ka riga kowa zuwa ka rufe kanka a ɗakina yini guda, ka hana ko ango ya leƙa. Da aka shigar da ni ina kuka, na ɗaga mayafi na ga furanni sun zagaye bangon, har na manta da kukan. Bangon ya tsage yanzu, maigidan ya sha cewa a yi sabon fenti, na hana. Ina jiran mai shi ya zo ya gyara.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya haskaka kabarinsa da Alƙur'anin da ya karantar. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya yi wa Balkisu albarka. Kai kuma Allah Ya ba ka ƙarfin zuciyar hawa tsanin nan karo na biyu, Ya musanya maka da abin da ya fi in sun kore ka, Ya dawo mana da kai Inna tana da rai.

Wassalam. Ƙanwarka,
Rabi, daga Bakura.