Cukun Inno ya iso Faransa

Inno,

Gaisuwa mai yawa. Ina Bappa da ƙanwata Kadi? Yaya mutanen Gangara suke ji da wannan fari?

Cukun da kika aiko ta hannun Malam Ado ya iso. Ya ce shanunmu saura Saye kaɗai, ita ma sai an taru an ɗaga ta da safe.

Kin tambayi aikina. A jinin mutum akwai ƙananan masu gadi, kowanne da shaida a jikinsa kamar tsagar kunnen saniya. Muna ɗiga musu wani abu da ake samu a jikin ɓera, mai maƙale wa shaida ɗaya tak. Wani irin in ya maƙale sai su zabura, wani kuma sai su kwanta. Jiya waɗanda nake gwaji a kansu suka tashi. Sai na tuna da Saye.

Ni lafiya lau, wandona ne dai ya yi mini yawa.

Na gode, Inno, Allah ya saka da alheri. Kullum ina gutsurar cukun kaɗan. Amma nonon da za ki tatsa nan gaba ki ba Kadi, ke ma ki sha. Ni har yanzu da ƙafata nake tashi.

Ɗanki,
Bakari