Kun Yanke Jiƙon Rogo, Kun Bar Sunana

Zuwa ga Editan jaridar Akushi, mai kawo labarin abinci da lafiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da ma'aikatanka, Malam Edita, ranka ya daɗe, ni ne Isa, malamin yaƙi da jahilci a Riruwai. Da ɓacin rai na ɗauki alƙalamin nan, ba zan ɓoye maka ba.

Na ɗaya. Da kaka kun nemi masu karatu su aiko muku da dabarun abinci. Na zauna gaban Gwaggona, wadda ta yi furfura tana sarrafa rogo, na rubuta yadda ake yi da rogo mai ɗaci, irin wanda masu haƙar kuza ke shukawa a bayan bukkokinsu. Na ce a fere shi, a jiƙa kwana uku ana sauya ruwa, a shanya ya bushe ƙayau, sannan a daka. Har na ja layi ƙarƙashin maganar cewa ruwan jiƙon nan ko akuya ba a ba ta.

Na biyu. Da jarida ta iso sai na ga an yi mini gyaran gangar Auzinawa. An cire "mai ɗaci", an cire jiƙo, an cire shanya. Abin da ya rage kawai, wai a fere rogo a wanke a dafa. Ga sunana ɓaro-ɓaro a ƙasa. Ina jin wanda ya yi yankan nan iyakar saninsa da rogo shi ne dafaffen da yake ci da garin ƙuli a bakin kasuwa. Rashin sani ba laifi ba ne, amma tambaya fa? Ko mai sayar da rogon da ke ƙofar ofishinku aka tsayar, da ta faɗa muku. Kuna da wurin buga hoton kwalbar man shafawa rabin shafi, amma layi uku na ran mutane ya fi ƙarfin takardarku. Tir da wannan aiki!

Na uku. Ina da ɗalibi, Ɗan'azumi, mahaƙin kuza, magidanci mai 'ya'ya biyu. Shekara guda yana fama da baƙi da wasali, kuma wannan shafi ne abu na farko da ya karanta shi kaɗai babu mai taya shi. Don murna ya kai wa matarsa. Ta ce ita ba haka ta ga ana yi ba, ya rufe ta da faɗa, ya ce takarda ba ta ƙarya, balle ga sunan malaminsa a jiki. Ta dafa. Kafin la'asar gidan duk ana amai da jiri, ƙaramar 'yar kuwa sai da aka saɓa ta a kafaɗa zuwa wurin malamin asibiti, numfashinta sama-sama. Allah ya yi da sauran kwananta a gaba. Na je dubiya, uwar ta amsa sallamata daga bayan zana, ko tabarma ba a shimfiɗa mini ba, kuma ban ga laifinta ba.

Na huɗu. Na rubuto muku tun a makon. Fitowa biyu ke nan tun daga ranar, ko kalma ɗaya ta gyara babu. Kuna ta bugun ƙirji cewa ba ku ƙarƙashin hukumar En'e, ba ku ƙarƙashin kowa. Madalla. To wanda ba shi da mai duba shi, ai shi ya kamata ya fi kowa duba kansa. Wallahi shirun nan ya fi kuskuren ba ni ƙyama.

Ga abin da nake roƙo. Ku buga takardata ta rogo cif yadda na rubuto ta, a shafin farko, da manyan baƙaƙe, ku faɗa a fili cewa ku kuka yanke. Daga yau kuma duk abin da zai shiga cikin mutum, kada ya fita hannunku sai kun karanta wa malamin asibiti da tsohuwar da ta san murhu.

Ni da na yi shekaru ina lallashin magidanta su yarda da karatu, yanzu kowace ranar kasuwa ina tsaye ina ce musu kada su bi abin da suka karanta. Na zaga Riruwai da ƙafa, na aika saƙo Doguwa. Amma jaridarku ta kai Tudun Wada da Kiru da Ƙofa, inda muryata ba ta zuwa, ga shi yanzu ake tonon rogo.

Allah ya ba ka lafiya, Malam Edita, ya kare iyalinka daga irin abin da na gani. Allah kuma ya sa gyaranku ya isa gidajen nan kafin wata tukunyar ta hau murhu.

Wassalam.

Malam Isa, Riruwai.