Kaskar Shagon Baba

Yayana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, ya aiki, ya rana? Na ba direbanku wannan takarda ne don wayarka ba ta shiga a dajin da kuke aikin hanya.

Baba na asibiti. Kada hankalinka ya tashi, da sauƙi. Zazzaɓi ne ya fara, da ciwon kai mai tsanani. Muka ɗauka na sauro ne, ya shanye magani kaf, babu canji. Aka gwada jini, ba maleriya. Sai wasu jajayen ɗigo-ɗigo suka fito masa a wuyan hannu da idon sawu, har tafin hannu. Ba sa ƙaiƙayi. Da ya fara kirana da sunan marigayiya Mama, na nemo mota.

Likitar ta duba shi ko'ina, ta ga wani baƙin ɓawon ciwo a bayan gwiwarsa. Ta ce, "Kuna da dabba a gida?" Na ce akwai kare, yana kwana a shagon Baba na aikin kafinta. Ta ce cizon kaska ne. Wai akwai ƙwayar cuta a cikin kaskar, riketsiya, da ke shiga bangon jijiyoyin jini ta ɓata su, shi ya kawo ɗigon. Ba ta jira sakamakon gwaji ba, nan take ta sa shi a kan maganin doksisaikilin. Ta ce jiran ne ke kashe mutane.

Yau ya sha shayi, har ya ce gadon asibitin ba kafintan kirki ya haɗa shi ba. Na ce ai na ƙarfe ne. Ya ce shi ya sa.

Ka sa shi a addu'a.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Sallama da gaisuwa. Na karanta, Allah Ya ƙara sauƙi. Sannu da ɗawainiya.

Tun yaushe nake cewa a rabu da karen nan? Tsoho da shekarunsa yana zama ƙasa yana sosa wa kare wuya, wai sunansa Maigadi. Gadin me yake yi, dussar katako? Ga shi ya kusa kai mana uba kabari.

Na riga na gama magana da direba. Zai ɗauke shi a wannan zuwan, ya san mai so. Ki buɗe masa shago kawai. Kada ki tsaya shawara da Baba, in ya warke ya yi faɗansa, ni zan ɗauka.

Ki gaida maigidanki da 'yarki Auta.

Yayanki

*

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. An yi yadda ka ce, direba ya tafi da Maigadi. Ni na buɗe masa shagon.

An sallamo Baba. Zazzaɓi ya tafi, ɗigon na dusashewa, sai dai kunnensa na hagu ya yi nauyi, kuma ba a san ko zai dawo ba.

Na kira likitan dabbobi ya duba gidan. Da ya ji an kawar da karen sai ya riƙe baki. Ya ce irin wannan kaskar ba a jikin kare take zama ba, jini kawai take sha ta sauka. Ya zura ƙusa a tsagar bangon shagon, ya nuna mini. Yaya, ga su nan cunkus, manya da ƙanana. Ya ce da wanka aka yi wa karen da magani aka feshe shagon, da an gama. Yanzu da babu kare, yunwa za ta kai su ga mutane.

Haka kuwa aka yi. Ina tsefe wa Auta kai na samu ɗaya maƙale a bayan kunnenta. Na kama ta da hantsaki daf da fata, na ja a hankali kamar yadda aka koya mini. An feshe shago da tsakar gida. Likita ta ce in sa ido, da zarar jikin yarinyar ya yi zafi in kawo ta. Ina taɓa goshinta har ta fara ture mini hannu.

Baba kuma kullum da safe sai ya rage abincinsa a kwano ya ce a kai wa Maigadi. Na ce masa yana wurin likitan dabbobi. Tun rasuwar Mama da wa kake tsammani yake hira in mun fita? Jiya ya dube ni ya ce, "Wannan jinya ta fi tawa tsawo."

Ka ce kai za ka ɗauki faɗan. To bismilla, ka rubuto masa da hannunka. Ni na gaji da ƙarya.

Ƙanwarka

*

Ɗana,

Na amsa gaisuwarka, na kuma ji bayaninka. Allah Ya yi maka albarka. Na san don ni ka yi.

Auta lafiyarta ƙalau, tana nan tana cika mini kunnen da ya rage.

Ka ce direba ya ba da shi ga wani mai lambu da ke da yara ƙanana. Kai da direban babu wanda ya tambaya ko an wanke shi. Da kaskarsa ya tafi, kuma mutanen nan ba su san komai ba. In yaronsu ya yi zazzaɓi, maganin sauro za su ba shi kamar yadda aka ba ni.

Ka aiko mini da kwatancen gidan a motar gobe. Na sayi maganin wanka da na feshi, ƙanwarka za ta raka ni. Ko zan dawo da shi ko zan bar musu, wannan sai na ga yadda suke riƙe da shi.

Babanka