Gafarar da Ba Wanda Ya Zo Karɓa

Zuwa ga mahaifina,

Gaisuwa mai yawa cikin ladabi, daga Kafanchan inda ka bar mu bara da damina.

Baba, jiya Gwaggo, ƙanwarka da ke Kanada, ta kira ni. Ita da sauran tsofaffin da aka tsare ku tare sun sake taruwa, suna neman ƙasar haihuwarku ta ce ta yi kuskure. Har yanzu shiru.

Duk garin nan Ɗan Caina ake ce maka, kai da ba ka taɓa taka Caina ba. A Indiya aka haife ka, can aka haifi babanka; kakanninku ne suka zo daga Caina. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, fuskarku kawai aka duba, aka loda ku a jirgin ƙasa zuwa wani sansani cikin hamada, kana yaro. Da aka sake ku, kuka tarar wasu ne a shagon takalman babanka.

Sayen citta ya kawo ka nan, ka ga Mama a Kagoma, ka manta hanyar komawa. Ka tsufa a garin jirgin ƙasa, amma ba ka taɓa sake shiga jirgin ba. In ya yi kuka muna cin abinci, sai ka ajiye cokali.

Mutanenmu in sun ji labarin sai su ce ka yi haƙuri. Kai kuwa ka yi dariya, da Hausarka mai gargada: "Wanda ya taka ni, yi haƙuri. Wanda ya ga an taka ni, yi haƙuri. Aikin dai duk nawa ne."

Da ciwo ya yi tsanani, Fasto ya tambaye ka ko ka gafarta musu. Ka ce, "Gafarar tana nan a ajiye tun tuni. Ba wanda ya zo karɓa."

Abin da Gwaggo ta kira ta tambaya ke nan, ko ka yafe kafin ka tafi. Na faɗa mata amsarka. Ta daɗe tana kuka, sannan ta ce tata ma tana nan, sai dai numfashinta ya fara gajarta. Ita kaɗai ta rage a gidanku, Baba, kuma ina tsoro.

Ina kewarka ƙwarai. Ubangiji ya hutar da kai, ya kuma ja kwanan Gwaggo har kunnenta ya ji abin da naka bai ji ba.

Ba zan ce ka yi haƙuri ba. Wanda ka yi ya isa.

'Yarka,
Rifkatu